Launin da Malam Garba Ba Ya Sayarwa

Sunana Hannatu. Citta nake sarowa a Kwoi in sayar a kasuwar Kafanchan, rubutu ba aikina ba ne. Abin da ya zaunar da ni na rubuta wannan shi ne na gaji da tambaya. Kowace Lahadi sai wata ta tare ni a ƙofar coci ta ce, "Wai yaya aka yi hannun Ladi ya zama haka?" In na fara bayani sai ta riƙa duba agogo. To ga shi nan na rubuta, mai so ya karanta, ni kuma in huta.

Ladi yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun da mijinta ya rasu muke zaune tare. Ɗanta guda ne, soja ne, yana can nesa inda waya ba ta cika shiga ba. A unguwarmu ba mai kiranta da sunanta, Maman Filawa ake ce mata, domin sama da shekara ashirin tana yin furannin takarda. In za a yi aure, ko bikin godiya a coci, ko ɗaliban kwalejin Gidan Waya za su gama makaranta ana neman abin da za a naɗe kyauta da shi, wurinta ake zuwa. Falonmu ba falo ba ne, shago ne. Zare a ɗaure daga wannan bango zuwa wancan, furanni na rataye suna shan iska, kwali a ƙarƙashin kujera, almakashi iri uku da ba ta yarda kowa ya taɓa. Na taɓa yanka zaren buhu da ɗaya, kwana biyu ba ta amsa gaisuwata ba.

Ga yadda take aikinta, kuma a nan matsalar take. Ladi ba ta sayen takarda mai launi, wai launin kamfani ba shi da rai. Farar takarda mai laushi take saye a wurin Malam Garba, wani dattijo mai shagon takarda da galura a kasuwa, wanda mahaifinsa ma a nan wurin ya yi ciniki. Sai ta yanka ganyen fure ɗaya bayan ɗaya, ta dama galura a tsofaffin gwangwanayen madara, ta kama kowane ganye da yatsa biyu ta tsoma bakinsa. Launin sai ya hau a hankali, bakin ya yi duhu, cikin ya yi haske, in ka hango daga nesa sai ka rantse yanzu aka tsinko shi. Safar hannu kuwa ba ta sawa. Ta ce in ta sa ba ta jin takarda. Saboda haka tun da ta fara wannan sana'a ban sake ganin ainihin launin yatsun yayata ba. Wannan mako ja, wancan mako kore, lokacin bikin Ista shunayya. Mun saba har ba ma gani.

Ƙarshen damina ne shugabar zumuntar mata ta cocinmu, Mama Rifkatu, ta kawo aikin auren 'yarta. Fure ɗari uku, saura mako biyar. Amarya ta zaɓi ja mai duhu, wanda 'yan mata ke ce wa marun, da shuɗi mai duhu. In waɗannan biyun suka haɗu a fatar mutum, baƙi suke komawa.

A makon farko waya ta soke ta. Siririyar wayar da take yi wa fure kara da ita ce ta shiga manuninta na dama. Ba ta ma ji ba, sai da ta ga jini a kan farar takarda, kuma abin da ya ɓata mata rai takardar ce, ba yatsan ba. Ta ɗauko ɗan gam ɗin nan mai ƙarfi da ake liƙa takalmi da shi, ta ɗiga a bakin ciwon, ta hura, ta mayar da hannu cikin galura. Ina zaune ina tsintar citta na ce, "Yaya, ki wanke mana." Ta ce, "Shekara nawa ina yin haka? Gam ya fi filasta, ruwa ba ya shiga." Gaskiya ne, ruwa ba ya shiga. Abin da ke ciki ma ba ya fita, amma wannan sai daga baya na sani.

Akwai abubuwan da suka daɗe suna yi mana magana muka toshe kunne. Kusan shekara guda Ladi na shan ruwa kamar ba gobe, tana ramewa alhali tana ci. Tururuwa suka cika bayan gidanmu. Muka ce sitacin rogon da take damawa ta liƙa kwali ne yake jawo su, har na yi mata faɗa ta daina wanke kwanon a can. Idonta ya fara yin hazo, muka ce yawan yanka ƙananan ganye ne, ta sayi tabarau a hannun mai yawo da su a faranti. Kowace alama da ta zo, sana'ar ta riga ta tanadar mana da amsarta.

Mako na biyu yatsan ya kumbura. Almakashi ya fara kufce mata. Ta je kemis aka ba ta kafso da maganin ciwon jiki, ta sha ta ci gaba. Wata rana da yamma na dawo daga kasuwa na same ta a bakin ƙofa tana naɗe kara, na dubi hannun na ga manunin ya fi sauran duhu, yana ƙyalli. Na yi dariya na ce, "Yaya, wannan karon launi ya kama ki da kyau. Kamar ke ce amaryar aka sa wa lalle." Ita ma ta yi dariya ta ce in bar ta da tsufanta. Ku riƙe wannan maganar, don ni na riƙe ta wata da watanni, ta hana ni sakewa.

A mako na uku galura ta ƙare, kuma zazzaɓi ya fara zuwar mata. Ba za ta iya ɗaukar kaya ba, sai na raka ta shagon Malam Garba. Muka gaisa, ta miƙa hannu za ta nuna masa gwangwanin da take so. Ya tsaya bai ɗauko ba.

Ya ce, "Maman Filawa, ɗan ba ni hannun nan in gani."

Ta ce, "Galuranka ne, Malam. Wannan da ka ba ni ba ya fita."

Ya kama hannun ya duba. Ya ɗauko tsumma, ya jiƙa da ruwan butarsa, ya goga sabulu, ya ba ni ya ce in cuɗa mata yatsun ɗaya bayan ɗaya. Na cuɗa babban yatsa, ya washe. Na cuɗa na tsakiya, ya washe kaɗan. Na zo kan manunin na cuɗa, na cuɗa, tsumman ya daina ɗaukar launi, amma yatsan yana nan baƙi ƙirin daga farce zuwa gaɓa ta biyu. Kuma sanyi ƙalau yake, ita kuwa ba ta ko motsa ba.

Malam Garba ya ce, "Shekara talatin ina sayar da galura. Wannan launin ba na sayar da shi. Hannatu, ku bar kayan nan, ku tafi asibiti yanzu."

Ladi ta ce, "Saura filawa ɗari da ashirin fa."

Ya ce, "Ko dubu ne. Yau ba zan sayar miki da komai ba." Da kansa ya fita bakin titi ya tsayar mana da keke mai ƙafa uku.

Wanda bai taɓa bin layin asibiti ba bai san tsawon yini ba. Layin kati daban, layin awon jini daban, layin likita daban, kowanne kuma sai an ce ka je can ka biya ka dawo da rasit. Mun shiga da hantsi, ba mu ga likita ba sai da la'asar ta yi. Ladi na kan benci tana lissafin ganyen da za ta iya yankawa a wannan lokacin, ni ina jin kamar in mare ta. Da aka zo kanmu, nas ta buɗe hannun ta dube ni ta ce, "Haba Madam, sai yanzu? Kun yi let fa." Aka soki yatsan hagu aka ɗiga jini a wata 'yar na'ura. Nas ta duba, ta sake dubawa, ta tafi ta kira likita.

Likitar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba, maganarta a hankali. Ta ce Ladi na da ciwon suga, kuma ya daɗe a jikinta, shi ya kashe mata ji a yatsu. Sannan ta juyo gare ni ta yi tambayar da har yau nake jinta a kunnena. Ta ce, "Ke kike zama da ita? Yaushe yatsan ya canja launi?"

Me zan ce? Yatsan da shekara ashirin yake canja launi kowane mako? Na tsaya kamar an dasa ni, kunya ta rufe ni.

Aka ba mu gado. Ƙarin ruwa, allura safe da yamma, kowane abu kuma mu za mu sayo, har auduga da safar hannun da nas za ta sa. Bayan kwana uku suga ya ɗan sauka, likita ta zaunar da mu ta ce, "Naman ya mutu, Mama. Abin da ya mutu ba ya dawowa, hawa yake yi. In mun cire wannan ɗaya yanzu, sauran hannun zai tsira." Ladi ta juya fuska bango. Ni na san abin da take tunani. Da manuni da babban yatsa take kama ganye, da su take murɗa kara, da su take riƙe almakashi. Cire shi kamar a ce wa manomi ya bar fartanya ne.

Labari ya kai gida Kagoma. Washegari sai ga Kawu Yohanna, ƙanin mahaifinmu, a kan mashin, da hularsa da sandarsa. Shi ne babba da ya rage mana. Ya dubi hannun ya girgiza kai.

Ya ce, "Wannan witilo ne, ƙurjin yatsa. Kowa ya san witilo ba ya son allura, ku kun kawo shi an cika shi da allura. Ladi ba zai shiga tiyata ba. A gidanmu ba a binne mutum guntu-guntu. Akwai mai magani a gida, ya warkar da wanda ya fi wannan."

Na ce, "Kawu, likita ta ce hawa yake yi."

Ya ce, "Likita yarinya ne. Ke kuma yaushe kin zama likita? Citta kike sayarwa."

Ina da baki, kowa a kasuwa ya sani. Amma ranar bakina ya mutu. Ladi na kuka tana cewa, "Hannatu, a gwada mana, ko sati ɗaya ne." Na kira ɗanta sau bakwai, wayar ba ta shiga ba. Mama Rifkatu ta zo dubiya, kafin ta gama cewa sannu ta ce, "To yanzu filawa fa?" Raina ya ɓaci, kaina ya ɗaure. Aka kawo takardar da za a sa hannu cewa mu muka ɗauke ta da kanmu, ba sallamar likita ba. Ni na sa hannu. Ba Kawu ba, ba Ladi ba, ni. Likita ba ta yi faɗa ba, ta dai ce, "Ƙofa a buɗe take. Kada ki ji kunyar dawowa."

Kwana shida muka yi a Kagoma, kuma ban taɓa ganin kwanaki masu nauyi kamarsu ba. Aka huda lemun tsami aka cusa yatsan a ciki. Aka daka ganye aka ɗaure. Aka zo aka yi addu'a, kuma ban raina addu'a ba, ni ma na yi har muryata ta dushe. Mutanen gida sun yi iyakar ƙoƙarinsu, matar Kawu ta yanka kazarta guda ɗaya da take ji da ita, ta dama kunu ta zuba suga da yawa don mara lafiya ta samu ƙarfi. Na ce a daina sa suga, aka ce ina hana 'yar'uwata abinci. A kwana na uku ɗakin ya fara wari. Kowa na ji, ba mai faɗa.

Ladi ce ta ceci kanta, ba ni ba. Ita mutum ce da ba ta yanka takarda sai ta yi alama. Tun ranar da muka isa ta karɓi biro a jakata, ta ce in zana mata layi daidai inda baƙin ya tsaya. Kowace safiya in an kwance ganye sai ta duba. Rana ta biyu baƙin ya haura layin. Ta ce in sake wani. Rana ta huɗu ya wuce na biyun, na zana na uku. Rana ta shida ya tsallaka gindin yatsan ya kama na tsakiya, wani ja kuma ya miƙe a bayan hannun yana nufar wuyan hannu. Ta daɗe tana kallon layukan nan uku. Sannan ta ce, "Hannatu, nemo mota."

Kawu ya tare ƙofa ya ce maganin bai gama aiki ba, sai ya fara muni kafin ya yi kyau. Ladi da ba ta taɓa ɗaga masa murya ba ta miƙa masa hannun ta ce, "Kawu, ga layi. Ni ban iya magani ba, amma na iya awo." Ya duba, ya matsa gefe. Don Allah kada a ce na zage shi. Da muka zo shiga mota ya cusa mini 'yan kuɗin da ya sayar da doya a hannu, idonsa ya yi ja. So ne ya sa shi, amma so bai hana yatsa ruɓewa ba.

Muka koma, na shiga ofishin likita kaina a ƙasa. Ta buɗe hannun ta duba. Ta ce, "Wancan makon yatsa ɗaya ne. Yau biyu ne. Babban yatsan kuma ban yi miki alkawari ba, sai mun gani." Aka sake kawo takarda, na sake sa hannu. Ranar Alhamis aka shiga da ita tiyata, aka cire manuni da na tsakiya, aka yanke wani wuri a tafin hannun aka bar shi a buɗe don ya tsane. Da na sani ƙeya ce, in ji Hausawa. Kwana shidan nan yatsa guda muka biya a kansu.

Ranar Asabar aka yi auren. Daga gadon muna jin motocin amarya suna ham a titi. Furannin roba aka yi haya da balan-balan. Ladi ta tambayi wata da ta zo dubiya, "Wane kala suka sa?" Aka gaya mata. Ta ce, "Roba," ta rufe ido. Ina ganin wannan ya fi wuƙar likita yi mata ciwo. Furanni ɗari da tamanin da ta riga ta gama kuwa, da na je gida ɗauko zani na tarar rufin falo ya yi yoyo a kansu. Launin ya zube a ƙasa, sun yi fumfuna. Na share na kai bola, ban gaya mata ba sai bayan wata biyu.

Daga nan sai jinya ta zama aikin kullum, irin wanda ba shi da labari sai gajiya. Mako huɗu muka ƙara a asibiti. Kowace safiya wankin ciwo, Ladi na cije zani, ni ina riƙe da kafaɗarta ina kallon silin. Kowace safiya likita ta matsa farcen babban yatsan ta saki, ta ga ko jini zai dawo. Wata rana ta ce da sauƙi, wata rana ta yi shiru ta rubuta. A kan wannan yatsa guda rayuwarmu ta rataya. In ya tafi, almakashi ya tafi, allura ta tafi, ko maɓallin riga sai an sa mata. Tabarma nake shimfiɗawa a ƙarƙashin gadonta, bayana har yau bai koma daidai ba. Cittar da na ajiye ina jiran ta yi tsada, na sayar da ita a lokacin da kowa ke sayarwa. Rumfata ta zauna a rufe har masu saye suka koma wurin maƙwabciyata. Akwai ranar da na fita sayen magani na zauna a kan dakali a bakin asibiti, na ji ba na son komawa ciki. Na zauna kusan awa guda ina kallon masu mashin. Ina faɗa ne don wadda ke jinya yanzu ta san ba ita kaɗai ce ta taɓa jin haka ba.

Kuma in faɗi alheri inda aka yi shi. Mama Rifkatu da na ƙullata, ita ce ta tsara matan zumunta, kowace rana wata ta kawo abinci, acca da miyar ganye kamar yadda likita ta ce, ba a taɓa fashi ba. Nas ɗin da ta ce mun yi let, ita ta koya mini yin allurar suga, ina gwadawa a jikin lemu har na daina tsoro. Malam Garba ya zo sau uku, yakan tsaya a bakin ƙofar ɗakin mata ya yi sallama ya ce, "Allah ya ba da lafiya, Maman Filawa," ya ajiye ƙwai ya tafi. Ɗanta ya samu waya a mako na bakwai da karɓar aikin auren, ya yi kuka kamar ƙaramin yaro, ya turo abin da ya samu.

A ƙarshen mako na tara likita ta matsa farcen ta saki, ya yi ja nan take. Ta yi murmushi ta ce, "Wannan ya zauna." Aka sallame mu. Ban yi guɗa ba, ban yi rawa ba. Barci kawai nake so.

Gida kuma wata jinyar ce. Ladi ta sa na kwance zaren falo, ta rufe teburin aikinta da tsohon zani. Kirsimati ta zo ta wuce, karo na farko gidanmu ba ko fure ɗaya. Takan zauna da hannun a cikin zani, in baƙo ya shigo ta ƙara tura shi. Shayi ba suga, rake da take so an hana, sai faɗa da ni a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ni ma ba na raga mata. Malam Garba ya aiko da ɗaurin farar takarda da kwalin safar hannu, ta ce in ɗora a kan kwaba.

Ga abin da nake so a ji, ku masu aikin hannu, masu rini, masu lalle, masu fenti, masu gyaran mashin da hannunku kullum baƙi ne. Ku wanke hannu tas ko sau ɗaya a mako ku dube shi a rana. Ciwon da ba ya zafi ba sauƙi ba ne, wani lokaci shi ne mugun. Kada a liƙe ciwo da gam. In tururuwa sun dame ku a bayan gida, ku je a auna jini kafin ku zargi sitaci. In kuma likita ta ce yau, to yau ɗin ne, mako mai zuwa wani farashin ne.

Ana saura mako biyu Ista na dawo daga kasuwa na ga an yaye zanin tebur. Ladi na zaune, takardar Malam Garba a gabanta. Ba ta dube ni ba ta ce, "Wanke hannu ki zo. Ke za ki yanka." Ta miƙo mini almakashin da ta taɓa yi mini gaba a kansa. Na yanka ganye goma, ta zubar da bakwai, ta ce kamar akuya ta ci. Ita kuma ta ɗauki ukun ta kama da babban yatsa da 'yan biyun da suka rage, tana murɗawa suna kufcewa, tana sake ɗauka. Fure ɗaya ya ɗauke ta lokacin da a da take yin goma. Ya ɗan karkace, amma fure ne.

Rini ya koma kaina, don likita ta hana ta taɓa galura. Na sa safar hannu na tsoma ganye biyar, duk suka yage. Ashe gaskiyarta ne, ba a jin takarda. Na faki idonta na cire safar, na ci gaba da hannu tsirara, shunayya ta hau mini har gaɓa ta biyu. Da muka tashi sai na ji abin da na daɗe ina haɗiyewa ya taso mini. Na ce, "Yaya, kin tuna ranar da na ce kamar an sa miki lalle? Ranar yatsan ya riga ya fara mutuwa. Ina kallo, na yi dariya. Kuma ni na sa hannu aka kai ki Kagoma."

Ta ce, "Ni da hannun yake jikina ban gani ba, ke ce za ki gani? Kagoma kuma ni na roƙe ki. Bar wannan." Sai idonta ya sauka a kan yatsuna. Fuskarta ta canja. Ta ce, "Ina safar?"

Na fara kame-kame. Ba ta saurare ni ba. Ta tashi ta ɗebo ruwa a roba, ta ɗauko sabulu da tsumma, ta ja ni bakin ƙofa inda akwai haske. Ta ce, "Kawo hannu in gani." Ta kama hannuna da yatsunta uku ta fara cuɗawa, ɗaya bayan ɗaya, tana matsa kowane farce tana saki, tana jira jini ya dawo kafin ta wuce na gaba. Tun daga ranar haka muke yi kowace yamma in an tashi aiki, ni in duba nata, ita ta duba nawa. Nata ba ya ɗaukar lokaci, takwas ne.